Ƙanena ya koma “Pablo”, kuma na ga sabon fasfo a ƙarƙashin katifarsa

Assalamu alaikum Anti. Ina da ƙane ɗan shekara 23. Ni nake ɗawainiyarsa tun rasuwar mahaifinmu, ni na biya masa har ya gama difloma, yau shekara biyu babu aiki. Wajen wata takwas ke nan ya kamu da kallon finafinan masu safarar hodar iblis na harshen Sifaniyanci a waya. Akwai guda ɗaya da ya kalla ya fi sau goma: wani saurayi talaka ya shiga safara, ya gudu da kuɗin ubangidansa, shi da budurwarsa suna yawo gari gari, 'yan sanda na binsu, yaran ubangidan na binsu. Yanzu a majalisarsu “Pablo” ake kiransa, yana amsawa, har yana jefa kalmomin yaren a magana. Da na ɗauka ƙuruciya ce. Sai makon jiya na ga sabon fasfo a ƙarƙashin katifarsa. Da na matsa masa, ya ce wani Alhaji ne da ya sani ta hannun abokinsa ya yi masa, zai riƙa kai masa saƙon kayan abinci Jidda, ya yi Umara kyauta, kuma a ba shi naira miliyan biyu duk tafiya. Na yi masa faɗa har na kira shi cima-zaune, ya ce ai shi ya sa yake neman na kansa. Tun ranar ba ya cin abincin gidan. Umma tana da hawan jini, ban faɗa mata ba. Ni na saya masa wayar, ji nake ni na jawo. In fasa wayar ne, in tara masa dangi, ko in kai shi NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da kaina?

Yayar da ta rasa barci, daga Kano.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya saka miki da alheri kan riƙon zumunci, ya jiƙan mahaifinku.

Ki bar wayar nan. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma duk sau biyun a kan maganar fasfon gabana ya faɗi. Dubban yara suna kallon irin waɗannan finafinan su tashi da safe su tafi shago ko makaranta. Wanda ake saya wa fasfo a ɓoye, a ce ya ajiye a ƙarƙashin katifa kada a sani, shi ne wanda aka riga aka zaɓa. Saboda haka da Alhajin zan fara, fim ɗin ya biyo baya.

Mu yi lissafi irin na kasuwa. Kilishi, daddawa, kuka, yaji, goro, garin kunu: nawa ne kuɗinsu in an cika jaka biyu? A Kano akwai masu aika kaya Saudiyya da awon kilo, kowa ya san su, kuma mai tafiya Umara ba ya yankewa a garin nan. To wane ɗan kasuwa ne zai bar wannan hanyar, ya biya kuɗin fasfo, ya biya biza, ya biya tikitin zuwa da dawowa, ya biya masauki, sannan ya ɗora naira miliyan biyu a kai, duk don jakar daddawa? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuɗin nan farashin wuyan ƙanenki ne, kuma Alhajin ya san haka, shi ya sa bai aiki ɗan cikinsa ba.

Saudiyya tana yanke hukuncin kisa kan shigo da ƙwaya, kuma tana zartarwa. A watan Afrilun 2019 an kashe wata mata 'yar Najeriya a can kan wannan laifi. Sun ɗan dakata na wani lokaci, sai suka ci gaba a watan Nuwamban 2022. Ke 'yar Kano ce, na san kin tuna ɗalibar nan da ta tafi Umara da mahaifiyarta da 'yar uwarta a watan Disamban 2018, wasu suka liƙa sunanta a jikin jakar da ba ta taɓa gani ba tun daga filin jirgin Kano, aka sami Tramadol a ciki, aka je har masaukinta a Madina aka kama ta. Wata huɗu ta yi a tsare. Sai da bincike a nan gida ya bankaɗo waɗanda suka yi aika-aikar, gwamnatin tarayya ta sa baki, ƙasa duka ta ɗauki maganar, sannan aka sake ta a ƙarshen Afrilu. Abin da ya cece ta bayan ikon Allah shi ne an tabbatar hannunta bai taɓa jakar ba. Ƙanenki kuwa shi zai turo jakar da hannunsa zuwa wurin awo, a tambaye shi ko shi ya haɗa kayansa ya ce e, kyamara tana ɗaukarsa. Ranar da aka farke tafin jakar a Jidda, lambar Alhajin ba za ta ƙara shiga ba.

“Ban san abin da ke ciki ba” magana ce da alƙalai suka gaji da ji. Akwai wani yaro ɗan Najeriya da ya bar gida yana neman ƙungiyar ƙwallon da za ta ɗauke shi, guzuri ya ƙare masa a hanya, wani ya taimake shi, sannan ya ba shi ƙullin magani guda ɗari ya ce ganyen gargajiya ne zai kai wa wani mara lafiya. A watan Nuwamban 2004 aka kama shi a filin jirgin Singafo. Shi kansa alƙalin ya ce babu shaida kai tsaye da ta nuna yaron ya san ƙwaya ce, amma dokarsu ta ɗora masa nauyin ya wanke kansa, kuma kuɗin da aka yi masa alkawari sun isa su sa shi zargi. Shugaba Obasanjo ya roƙa a yi masa sassauci, ba a yi ba. An rataye shi a watan Janairun 2007 yana da shekara 21, bai kai ƙanenki ba. Ko a nan gida, dokar da ta kafa NDLEA a 1989 ta tanadi hukuncin da ya kai ɗaurin rai da rai ga mai fita ko shigo da irin su hodar iblis.

Yanzu fim ɗin. Ba zan ce miki ba shi da tasiri ba, yana da shi. Amma ki dubi abin da yaron yake gani a ciki. Saurayi ne talaka wanda aka raina, ba ya iya ajiye ko sisi a hannun uwarsa, sai ga shi dare ɗaya ana miƙewa in ya shigo. Yaron da ya shekara biyu yana karɓar kuɗin kati a hannun yayarsa, abokansa suna sayen babur suna maganar aure, in ya kalli wannan kansa yake gani. Masu shirya finafinan sun san aikinsu: kiɗan, hasken fitilun gari da dare, mota tana tsala gudu a hanyar da ba kowa, budurwa a gefe ta jingina da kafaɗarsa. Gudun hijira a fim awa biyu ne, an yanke duk wuraren da babu daɗin kallo. Ba a nuna maka wata uku na zaman ɗaki labule a sake, ba a nuna maka ciwon haƙori da ba damar zuwa asibiti, ko rasuwar uwa da ba damar zuwa jana'iza.

Tunda sunan Pablo yake amsawa, ya kamata ke ki san Pablo Escobar, ƙasurgumin mai safarar hodar iblis ɗin da ake yi masa laƙabi da sunansa, fiye da yadda ya san shi. An haife shi ranar 1 ga Disamba 1949 a Kolombiya. Ya yi kuɗin da har mujallun masu arzikin duniya suka riƙa sa sunansa, ya gina wa talakawa gidaje da filayen ƙwallo a birnin Medellin, wannan gaskiya ne, kuma shi ne abin da yara suke riƙewa. Amma shi ya sa aka harbe ministan shari'ar ƙasar, Rodrigo Lara Bonilla, a 1984. Ƙungiyarsa tana cikin waɗanda suka kashe ɗan takarar shugaban ƙasa Luis Carlos Galán a 1989. Sannan ranar 27 ga Nuwamban wannan shekarar aka tarwatsa jirgin fasinja na Avianca jim kaɗan bayan ya tashi daga Bogota, mutum 107 da ke ciki babu wanda ya fita, don ana zaton wani ɗan takara yana ciki, alhali bai hau ba. Ki riƙe wannan da kyau: kamar yadda wasu daga cikin yaran Escobar suka ba da labari daga baya, wani matashi aka ba jaka ya shiga jirgin da ita, aka ce masa na'urar naɗar magana ce, in jirgi ya tashi ya danna ya naɗi hirar wasu fasinjoji. Shi ma saƙo aka ba shi. Shi ma an biya masa tikiti.

Gudun nasa kuma wata goma sha shida ne, daga Yulin 1992 da ya tsere daga gidan yarin da ya gina wa kansa har zuwa Disamban 1993. A cikin watannin nan abokan gabarsa suka bi lauyoyinsa da yaransa ɗaya bayan ɗaya suna kashewa, suna ƙone kadarorinsa. Ɗansa ya sha ba da labarin yadda suka kwana da yunwa a maɓoya, ga tarin daloli a ɗakin, amma babu mai iya leƙa waje ya sayo burodi. A ƙarshen Nuwamba matarsa da 'ya'yansa biyu suka hau jirgi zuwa Jamus neman mafaka, aka hana su shiga, aka dawo da su aka ajiye a wani otal a Bogota cikin tsaro. Kewarsu ce ta sa ya daɗe a kan waya yana magana da ɗansa, aka bi sawun kiran. Ranar 2 ga Disamba 1993, kwana ɗaya bayan ya cika shekara 44, aka harbe shi a kan rufin wani gida yana gudu ba ko takalmi, mutum ɗaya tak ya rage tare da shi. Iyalinsa sai da suka sauya suna suka koma Ajantina. Ɗan nasa ya zama mai zanen gine-gine, ya nemi 'ya'yan mutanen da ubansa ya kashe ya roƙe su gafara, kuma har yau yana yawo yana gaya wa matasa kada su yi sha'awar ubansa. A 2019 hukumomin Medellin suka rushe benen da ya zauna a ciki, suka mayar da filin wurin tunawa da waɗanda aka kashe, saboda sun gaji da baƙi masu zuwa ɗaukar hoto a ƙofar.

Babban mai safarar ƙwaya na Meziko ma, Joaquín Guzmán da ake kira El Chapo, wanda ya tsere daga kurkuku ta ramin da ya kai kilomita ɗaya da rabi a 2015, wata shida kawai ya yi a waje. Hukumomin ƙasar sun ce ɗaya daga cikin abubuwan da suka tona masa asiri shi ne son a yi fim ɗin rayuwarsa, har ya riƙa tuntuɓar 'yan wasa. A 2019 kotun Amurka ta yanke masa ɗaurin rai da rai da ƙarin shekara 30, yana wani kurkuku a Colorado inda fursuna yake shafe kusan awa 23 a rana shi kaɗai a ɗaki. Waɗannan su ne manyan, masu jirage da sojoji.

To ga tambayar da nake so ki yi wa ƙanenki, kuma ita ce zuciyar shawarata: a cikin fim ɗin nan, kai wane ne? Shi yana ganin kansa a kujerar ubangida ko a kujerar jarumin da ya gudu da kuɗi. Aikin da Alhaji ya ba shi kuwa na ɗan dako ne, wanda a fim ko suna ba a ba shi, ana kama shi a minti na ashirin don labari ya ci gaba. Ya san finafinan nan ciki da bai, ya san abin da ubangida yake cewa in an kama ɗan dako, ya san wani lokacin da gangan ake tsegunta ƙaramin mai kaya don babban kaya ya wuce ta bayan fage. In kin yi tambayar cikin natsuwa kika yi shiru, shi zai ba kansa amsa, kuma amsar da mutum ya ba kansa ta fi zama fiye da faɗan awa guda.

Akwai fim ɗaya na harshen Sifaniyanci da aka yi shi daga ɓangaren ɗan dakon, kuma saboda haka nake ambatonsa: María, llena eres de gracia, na 2004. Yarinya ce 'yar shekara 17 a wani ƙauyen Kolombiya, aikinta cire ƙaya daga furanni a kamfanin da ke fitar da su waje, gida duka albashinta ake jira. Aka yi mata tayin kai saƙo New York. An nuna ta a wani ɗaki tana haɗiye ƙullin ƙwaya da aka naɗe da roba, ɗaya bayan ɗaya har 62, tana kakari, ana shafa mata ciki don su jeru, sannan mai kayan ya tuna mata cikin murya mai laushi cewa ya san gidansu, ya san kakarta da 'yar uwarta. Abokiyar tafiyarta ƙulli ɗaya ya fashe mata a ciki. Masu karɓar kayan ba su kai ta asibiti ba, da ta mutu suka farke cikinta suka kwashe kayansu, sai jini María ta tarar a banɗakin masauki, daga nan gudu ya fara, gudu na yarinyar da ba ta jin yaren garin, ba ta san kowa ba. Ki fara kallonsa ke kaɗai, domin akwai wuraren da ba za ki so ku gani tare ba, sai ki zaɓi inda za ki nuna masa. Kada kuma ya ce wannan harkar can ce a Kudancin Amurka. Hanyar ta daɗe da ratsowa ta yankinmu: a 2009 an tsinci ƙonannen jirgin Boeing a hamadar arewacin Mali wanda aka yi amanna hodar iblis ya sauke, a Janairun 2022 kuma jami'an Nijar suka kama fiye da kilo 200 a cikin motar wani magajin gari a arewacin ƙasar. Masu wannan harka kullum suna neman sabuwar fuska mai fasfo fari tas, kuma babu rigar da ta fi musu rufin asiri kamar haramin mai Umara.

Muna da wata maƙwabciya a unguwar da na taso, Allah ya jiƙanta. Ɗanta na fari ya yi irin wannan tafiyar. Shekaru tana ce wa mutane yana karatu a waje, kowa kuma ya sani, kowa ya yi shiru don kara. Abin da ba na mantawa shi ne wayarta. Ƙaramar waya ce mai tocila, ta ɗaure ta da roba a gefen zaninta, ko salla za ta yi sai ta ajiye ta a bakin darduma. In an ɗauke wuta kwana biyu sai ta aiki jikanta shagon caji, ta zauna a zaure tana jiransa ba ta iya komai, kada a kira ba ta kusa. Wata uku, wata huɗu, sai kira ya shigo na minti biyu. Har ta rasu bai dawo ba. Ita nake gani in na karanta wasiƙa irin taki, shi ya sa ba zan sassauta miki magana ba.

Kan tara dangi, a'a, ba yanzu ba. Yaron da kunyar rashin abin hannu take ci, in kika zaunar da shi a tsakiyar kawunnai da gwaggwanni kowa yana tofa albarkacin bakinsa, kin ƙarasa tura shi wurin mutum ɗaya da yake kiransa da mutunci, wato Alhajin. Ga shi kuma magana in ta shiga bakin mutum goma sai ta isa kunnen wanda ba a so ya ji. Namiji ɗaya kike buƙata, babba, mai riƙe sirri, wanda yaron yake jin nauyinsa tun yana ƙarami. Ƙanen mahaifinku ne, ko malaminsa na allo, ko aminin marigayi. Ke kin san shi, yanzu haka da kike karantawa sunansa ya zo miki.

Umma kuma, na fahimci tsoronki, amma ban yarda a ɓoye mata gaba ɗaya ba. Ki auna: ta ji daga bakinki yau, a zaune, bayan ta sha maganinta, cewa wani yana son ya yi amfani da ɗanta amma ana kan magance abin, ko ta ji daga bakin maƙwabta wata biyu nan gaba cewa yana hannu a Jidda? Ba sai kin kawo mata maganar kisa ba. Kuma akwai abin da ita kaɗai za ta iya. Ke in kika ɗauke fasfon a ɓoye kin zama ɓarauniya a idonsa, gobe Alhaji ya yi masa wata dabarar. Uwa kuwa in ta miƙa hannu ta ce kawo in ajiye, ban yarda da tafiyar nan ba, ban sa mata albarka ba, da wuya ɗan Bahaushe ya tsallake wannan. Na ga yaran da ba sa tsoron ɗan sanda amma suna tsoron bakin uwa.

Sai batun bashi, wanda mutane suke mantawa. Kuɗin fasfon nan igiya ce. Ranar da ƙanenki ya ce ya fasa, abin da za a fara ce masa shi ne to biya abin da aka kashe maka, kuma za a faɗi adadin da ya ninka na gaskiya. Ki tambaye shi dalla-dalla me ya karɓa: fasfo kawai, ko har da kuɗin kashewa, ko waya, ko an riga an kai takardunsa neman biza. Ku haɗa kuɗin ko da bashi za ki ci a wurin aiki, a mayar ta banki don shaida ta zauna, ko ta hannun wannan dattijon a gaban mutane. Dalilin fasawa kuma gajere: mahaifiyata ta hana. Kada ya yi gardama da su, kada ya nuna ya gane abin da ke cikin jakar. Ke kuma kada ki kuskura ki je wurin Alhajin da kanki, kada ki kira shi, kada ki rubuta komai a Facebook ko WhatsApp.

NDLEA fa? Ƙanenki bai aikata laifi ba tukuna, mallakar fasfo ba laifi ba ne, saboda haka babu abin da za ki “kai shi” a kansa, kuma in kika yi masa barazana da hukuma kin rufe ƙofar magana tsakaninku. Alhajin ne abin kai rahoto, kuma ra'ayina a kai, domin in ƙanenki ya zame, ɗan wata za a ɗauka mako mai zuwa, wataƙila ma abokin nan da ya haɗa su. Amma a bi tsari: a fara raba yaron da su, a mayar da kuɗi, sannan dattijon ya nemi lauya ya ji yadda za a isar da bayanin ga hukumar ba tare da sunan gidanku ya fita ba. In kuwa aka fara yi masa barazana, ko kika ga an sa ranar tafiya kuma ya ƙi saurarar kowa, to a ranar ku tafi ofishin hukumar da lauyanku, kada ku jira. Gara ya yi fushi da ke shekara guda yana Kano.

Ki kuma sa ido ko shi kansa ya fara shan wani abu. Ba ki ambata ba, kuma ba na so in ɗora masa abin da babu. Amma in kin ga barci ya rikice fiye da na mai kallon dare, ido ya sauya, kuɗi ko kaya suna ɓacewa a gida, wannan magana ce ta likita, akwai asibitin Dawanau nan kusa da ku, a je da shi cikin rufin asiri.

Zan faɗa miki wata gaskiya, ki yi haƙuri da ni. Kalmar cima-zaune ta yi masa rauni fiye da yadda kike zato, kuma barin cin abincin nan shi ne amsarsa. Na san daga zafin zuciya ta fito, na san shekarun da kika yi kina hana kanki don shi. Amma wadda take ciyar da mutum, kalmarta ta fi ta kowa nauyi a kansa. Ki ba shi haƙuri, a fili, ba tare da “amma” ba. Wannan ba zai rage miki girma ba. Sayen wayar kuwa ki cire shi daga ranki, alheri kika yi.

In an karɓe fasfo aka bar shi a katifar nan da waya, wani Alhajin zai zo. Dole a sami abin da zai fitar da shi da safe ya dawo da yamma da ko dubu biyu da ya samu da guminsa. Dattijon nan ya nema masa gefen shago, ko a Farm Centre wurin masu gyaran waya, ko a Kantin Kwari, ko duk inda yake da mutum. Kuma wani abu ya tsaya mini a wasiƙarki: yaron da ya tsinci kalmomin Sifaniyanci daga kallo kawai har yana sarrafa su a magana yana da kunnen harshe, ba kowa Allah ya ba wannan ba. Harshe ne na ƙasashe kusan ashirin, har da Ikwatoriyal Gini nan kusa da mu, kuma ana koyonsa kyauta a wannan wayar da kike son fasawa. Ki ce masa ya koya da gaske, ya fassara miki abin da suke faɗa ba tare da ya dubi rubutun ƙasa ba. Ban ce zai ci abinci da shi gobe ba, amma yaron da aka shekara biyu ana nuna masa abin da ya kasa yana buƙatar wani ya nuna masa abu ɗaya da ya iya.

Yau da daddare ki dafa abin da ya fi so tun yana yaro, ki ɗauka da kanki ki kai masa ɗaki, kada ki aiki kowa. Ki ba shi haƙurin kalmar nan. In ya sa hannu a kwanon, ki zauna a bakin katifar ki ce ya kunna miki fim ɗin nan da yake ta kallo, ya riƙa yi miki bayani. Ki bari ya yi ta zuba, kada ki katse shi, har a zo wurin da aka ba wani yaro jaka. A nan za ki ce ya tsayar, ki yi tambayarki. Gobe da safe ki je wurin dattijon, jibi ku zauna da Umma. Ki sake rubuto mini bayan mako biyu in ji inda aka kwana. Allah ya tsare shi, ya ba Umma lafiya.